Kwano Goma Sha Tara a Tafkin Kanwa

Tun da na dawo ban huta ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, masu zuwa sayen humra ma sai su baje a kan tabarma su ƙi tashi, wai sai na ba su labarin garin da ake maganar kai Rukayya. Kuma na lura kowa na ƙara nasa gishirin, don jiya na ji a bakin wata cewa a kan raƙumi muka shiga garin. To ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Binta, a nan Daura nake, turaren wuta da humra nake haɗawa. Sana'ar ta kai ni garuruwa da yawa, kuma ina da jerin waɗanda na rantse ba zan sake taka su ba. Akwai wanda sauronsa ke cizo ta cikin zani biyu. Akwai wanda na yi awa uku a cunkoson motoci ina hango gidan da za ni. Akwai wanda za ka yi sallama a kalle ka kamar ka zo roƙo. Ina ganin na gama ganin munanan garuruwa, ashe babbansu na nan kusa da mu, a tsallaken iyaka. Ba zan faɗi sunansa na gaskiya ba saboda dalilin da za ku gane. Mu kira shi Tafkin Kanwa.

Rukayya ƙanwata ce, autarmu. Tana da shekara biyu mahaifiyarmu ta rasu, a bayana ta girma. Yanzu ungozoma ce, ta yi karatunta ta gama, kuma ita da bakinta ta ce Sanusi take so, wani malamin dabbobi ɗan can garin da ke zuwa cin kasuwar Mai'aduwa. An bincika halinsa ba a sami abin kushewa ba. Garin ne Baba ya ce bai sani ba. Ya kira ni zaure ya ce mu je ni da ƙanwarsa, Goggo Laure, mu ga ɗaki mu ga gari, kuma abin da na dawo na faɗa shi zai yi. Na ce to Baba, ina ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, alhali a raina na riga na gama rubuta amsa tun ban ɗauki jaka ba. Gaskiya ita ce ba na so yarinyar nan ta yi nisa da ni, ko da aljannar duniya za a kai ta.

Muka kama hanyar Baure da sassafe. Goggo ta taho da butarta, da fulas, da wata doguwar igiya ta auna ɗaki, don ta ce ita ba ta yarda da awon tef ba, ƙulli ba ya ƙarya. Mu huɗu a bayan mota, ni ce a tsakiya, butar Goggo a cinyata. Har Babban Mutum ba abin da ya faru sai dai ƙafata da ta mutu.

A bakin iyaka aka ce kowa ya fito da katin shaida. Na miƙa nawa. Goggo ta kwance bakin zani, ta kwance leda, ta kwance wata ledar a cikin ledar, ta zaro katin asibitin ido ta miƙa. Ma'aikacin ya juya shi, ya ce Hajiya wannan ba shi ba ne. Ta ce masa ai da hotonta a jiki, kuma ita tun kafin a haifi ubansa take zuwa wajen nan tsinkar zogale, ba ta taɓa ganin inda ƙasa ta tsage ta zama biyu ba. Mutumin kirki ne, dariya ya yi ta yi. Na zazzage jakarta a kan benci, aka tsinci katin na gaskiya a cikin gwangwanin man zafi, muka wuce.

Magarya ba ta da laifi. Nan na fara ganin burodin nan nasu dogo kamar taɓarya, na sayi biyu, Goggo ta ce a riƙe ko don kare kai. Daga nan ne aka ce mana Tafkin Kanwa mota ɗaya ke zuwa, wata tsohuwar a-kori-kura, kuma mun yi sa'a yau ranarta ce. Motar ba ta tashi da makulli, sai an tura. Saboda haka direban ba ya kashe ta tun daga tasha har inda za shi. Da muka bar kwalta ya tsaya ya sace iskar tayoyi don yashi, injin na ta kaɗawa. Sau huɗu muna kafewa. Duk kafewa sai a sauka, maza su tura, mata su tono yashi daga ƙarƙashin taya da murfin kwano. Ni da na ci ado da leshi da sarƙa don dangin miji su san daga gidan da yarinya ta fito, sai ga ni a durƙushe ina haƙa kamar mai neman gyaɗa. A raina kuwa murna nake yi, ina cewa wannan ma zan faɗa wa Baba.

Wajen azahar muka isa. Tun ban gama sauko da ƙafa ba na ji wata mata ta ce ga Yaya Binta nan. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta tambaye ni ya gwiwar, ta daina ciwon? Wata ta ce ashe dai telan ya ba ni ɗinkin, ta shafa leshin ta ce ya yi kyau, amma gaskiyata ce, ya matse hannu. Na kalli Goggo, Goggo ta kalle ni. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba.

Sai a hanyar gidan su Sanusi wata mai suna Talatu, 'yar Zango ce da aure ya kawo ta garin, ta warware mini. Duk garin waya ba ta kamawa sai a saman wani tudun yashi da ke bayan gari, can ake samun layin Najeriya. Kowa can yake hawa, a yi layi ana jira. Iska kuwa ba ta barin a ji magana sai an sa a lasifika. Saboda haka duk hirar da Sanusi ya yi da Rukayya cikin shekara guda, rabin garin sun saurara, sauran rabin an ba su labari. Sun san ina tsoron kaza. Sun san ranar da na ƙona miyar baƙi. Na ce mata to sun san abin da na ce game da garinsu? Ta ce wanne, na cewa gari ne da ko taswira ta manta da shi? Ta ce an yi sati ana maimaita shi a bakin rijiya. Na ji kamar yashin ya buɗe in shige.

Bari in faɗi gaskiyar garin, tunda abin da kuke son ji ke nan. Ruwansu kanwa ce zalla. In ka sha sai ka ji kamar ka tsotsi sabulu, in ka yi wanka sai jikinka ya yi santsi kamar an shafe ka da miyar karkashi, ka yi ta ɗauraya ba ya fita. Shayinsu ma da ake yi hawa uku, duka ukun kanwa ce. Yashi yana cikin komai, har cikin aljihun jakata da ban buɗe ba. Babu wutar lantarki sai faranti ɗaya na hasken rana a gidan mai gari. Inuwar kirki guda ce, ta wata tsamiya, ita ma jakuna sun riga kowa. Ƙuda kuwa ba sa gudu in ka kore su, matsawa kawai suke yi. Kaji suna shiga ɗaki ba sallama, kuma saboda kowa ya san matsalata, duk inda na zauna sai a sami mai tsaya mini da tsintsiya.

An sauke mu a ɗakin da aka gina wa amarya, a gidan mahaifiyar Sanusi, wadda suke kira Iya Hajo. Ɗakin ba laifi, sabon yaɓe, da taga biyu. Goggo ta auna tsawo da faɗi da ƙofa, ta ƙulla igiyarta. Muna idar da salla kwanuka suka fara shigowa. Na farko dambu da zogale. Na biyu tuwon gero da miyar kuka. Sai fura, sai shinkafa da wake, sai wani tuwon, sai farfesun kan akuya. Kowace mata ta ajiye, ta faɗi gidan da ya fito, ta fita. Goggo ta ƙirga, goma sha tara.

To kun san mu. A Daura wa ya isa ya je gidan surukai ya zauna ya buɗe ciki? Sai a yi shekara ana ba da labarinka. Goggo ta ce kada in kuskura, a ɗan taɓa gefe kawai don albarka, kada a ce 'yan Daura da yunwa suka zo. Muka bi kwanukan ɗaya bayan ɗaya, muka lakaci abin da bai kai loma ba, muka gyara wurin da cokali, muka rufe. Bayan la'asar aka zo aka kwashe. Mu kuma muka tura ƙofa muka ci burodinmu na Magarya da ruwan fulas, muna yaba wa kanmu cewa mun fitar da gidanmu kunya.

Da gari ya waye sai na ji gidan ya yi tsit. Jiya har rige-rigen gaishe mu ake yi, yau ko mai tsintsiyar ba ta zo ba, kaza ta shigo ta hau jakata ta zauna, ni kuma na hau gado na tsaya. Iya Hajo ta leƙo ta gaishe mu idonta jawur, ta koma. Goggo ta ce ko rasuwa aka yi. Can sai ga Talatu ta shigo da sauri ta rufo ƙofa, ta ce me muka aikata haka.

Ta ce a garin nan, in dangin yarinya suka zo ganin gida, kowane gida na dangin yaro sai ya aiko kwano. Ba a tambayar baƙi sun yarda ko ba su yarda ba, don kada a sa su jin nauyi. Kwano ake dubawa. In an ci, an karɓi gidan. In ya dawo a cike, an ƙi shi. Yakan faru a mayar da ɗaya ko biyu, in akwai wani tsohon saɓani, sai manya su shiga. Amma tun da aka kafa garin ba a taɓa mayar da duka ba sai a kanmu. Gida goma sha tara sun kwana da sanin cewa Daura ta ƙi su. Mai gari ma nasa na ciki, shi ne farfesun. Ta ce Sanusi ya hau tudu tun ɗazu zai faɗa wa Rukayya.

Goggo ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa, Allah ya gani, abin da ya fara zuwa raina daɗi ne. Abin da na zo yi ya yiwu ban ko buɗe baki ba. Ba wanda zai ce Binta ce ta hana, al'ada ce ta yi aikinta. Jakata kawai zan ɗauka, in an kore kazar, in jira mota.

Ina cikin wannan lissafi Iya Hajo ta dawo ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce:

"Ɗiyata, ban ga laihinki ba. Garinmu ba shi da daɗi. Ni ma kawo ni aka yi, shekara biyu ina kuka. In kin koma ki faɗa wa mahaihinku abin da kika gani, kar ki rage komi. Tuwon dai da kin ci, don ke na sa aka ɗebo ruwa daga wani gari."

Na ja mayafi na ce wa Talatu ta nuna mini tudun.

Hawan tudun nan da gwiwata wani labari ne. Taku biyu gaba, ɗaya baya, takalmina ɗaya ya nutse har yau yana can. Da na kai sama na tarar da mutane sun fi talatin a zazzaune, ba mai kiran kowa, duk sun zuba wa Sanusi ido. Yana tsaye ya ɗaga waya sama, muryar Rukayya na fita tar. Ba kuka take ba, da kuka take da ya fi mini sauƙi. Cewa take:

"Ka yi haƙuri, Sanusi. In Yaya Binta ta ce a'a, to a'a ne. Ita ta goya ni. Ba zan yi mata musu ba."

Na san muryar nan. Ita ce muryar da take yi tun tana ƙarama in na hana ta abu, ta ce to, ta koma bayan ɗaki ta zauna ita kaɗai. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na karɓe wayar daga hannunsa, da takalmi ɗaya, ina haki, na ce mata ke Rukayya ban ce a'a ba, kara ce ta Daura ta ja mana, kuma ki daina ba mutane labarin gwiwata. Tudun ya kwashe da dariya, har wani dattijo ya gangara ƙasa da zaune.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe gyaran ɓarnar yana da nasa tsarin. Tunda kwanukan sun koma gidajensu a cike, sai mu bi su gida-gida mu ci a gaban masu su. Aka hura wuta a gida goma sha tara lokaci guda. Muka fara da hantsi. Gida na farko na ci da gaske, don yunwa nake ji, kuma dambun nan ban taɓa cin irinsa ba. Na huɗu na sassauta zani. Na bakwai Goggo ta ce mu raba aiki, ita tuwo ni fura, aka ce ba a yin haka. Mata na biye da mu a baya suna guɗa, duk gidan da muka fito sai a ɗaga kwanon a nuna wa jama'a. A gida na goma sha ɗaya Goggo, wadda jiya take koya mini kamun kai, ta kalli mai gidan ta ce don Allah a ba ta tabarma ta ɗan kishingiɗa, a ci gaba da ba ta a kwance. Na goma sha biyar ban san abin da na ci ba. Na ƙarshe gidan mai gari ne, ya sa an yanka wata akuyar, ya zauna da kansa yana kallo har na tsotse ƙashi. Duk wannan kuwa da ruwan kanwa muke korawa, kuma duk wadda ta taɓa jiƙa kanwa ta sha ta san aikinta.

Ba zan ba da labarin dawowa dalla-dalla ba, akwai mutuncin Goggo. Abin da zan ce kawai, direban da ba ya tsayawa don kowa ya tsaya sau tara, kuma a wannan hanyar babu ko kalgo da mutum zai fake. Butar da na yi ta ƙorafi a kanta ita ta cece mu. Igiyar awo kuma direban ya ara ya ɗaure salansar motar da ta faɗo, ya kwance ƙulle-ƙullen duka don ta isa. Har yanzu ba wanda ya san girman ɗakin.

Mun iso Daura da la'asar washegari. Ko wanka ban yi ba Baba ya aiko kira. Na same shi a zaure a kan buzunsa, ya ajiye carbi, ya ce to Binta, yaya garin. Na faɗa masa komai, kamar yadda Iya Hajo ta ce. Ruwan, yashin, hanyar, ƙudan, tudun. Na ce Baba na yi yawo, amma ban taɓa ganin gari mai wahalar zama irinsa ba. Yana ta gyaɗa kai, har na ga fuskarsa ta saki.

"To a ba su haƙuri ke nan," in ji shi.

"A'a, Baba. A ba su ita."

Ya dube ni ya ce ni zan iya zama a can? Na ce ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba, amma ba ni ce mai zaman ba, kuma mai zaman ta san komai tun kafin mu je, ta ce ta ji ta gani. Na ce mutanen kuma, in ta yi atishawa gida goma sha tara za su ji.

Na zaci Baba ya yi fushi. Sai ya ɗauki carbinsa, ya juya shi a hannu, ya ce a hankali:

"Ni fa na tura ki ne don na san ke za ki iya cewa a'a. Ni ba zan iya kallon idonta in faɗa ba."

Na ce Baba ni ma da niyyar da na tafi ke nan. Muka kalli juna, dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har ya sa hannun riga yana share ido, ni ma ina share nawa, kuma daga can ba dariyar ba ce. Da ya natsu ya ce in kira masa Rukayya. Ban ko tashi ba, don ina ganin yatsun ƙafarta a ƙarƙashin labulen zaure tun da na fara magana.